Percy Julian: Jikan Bayi da Ya Fitar da Magani Daga Waken Suya

 

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta tarihin wani shahararren mutum domin fitowa ta bana, sai na tuna da wani darasin kemistiri da aka yi mana a ajin ƙarshe, ranar da aka koya mana cewa kowane sinadari tsantsa yana da iyakar zafin da yake narkewa a kai, ba ƙari ba ragi. Yawancinmu haddacewa muka yi saboda jarrabawa, muna fita muka manta. To, akwai wani baƙar fatan Amurka da ya taɓa jingina sunansa da abincinsa a kan wannan ɗan darasi, kuma Allah ya ba shi sa'a. Sunansa Percy Lavon Julian. Abin da ya ƙara jawo hankalina gare shi kuwa shi ne, abubuwa biyu da suka ɗaukaka shi duk wake ne da ba baƙo ba a wajenmu. Na farko waken Kalaba, wanda asalinsa nan ƙasar tamu ne, na biyu kuma waken suya, wanda muke yin awara da shi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Percy Julian ran 11 ga watan Afrilu, 1899, a birnin Montgomery na jihar Alabama, can kudancin Amurka. Kakanninsa bayi ne. Mahaifinsa, James Julian, ma'aikacin gidan waya ne mai kula da wasiƙu a cikin jirgin ƙasa, mahaifiyarsa Elizabeth kuma malamar makaranta ce. Shi ne babba a cikin 'ya'ya shida.

A wancan zamani dokar wariyar launin fata tana da ƙarfi ƙwarai a Alabama, har ya zama babu babbar makarantar sakandare ta gwamnati domin yaran baƙar fata a garinsu. Saboda haka da ya sami shiga Jami'ar DePauw da ke garin Greencastle na jihar Indiana a shekarar 1916, sai aka ga karatunsa bai kai na sa'o'insa ba. Dole ya haɗa biyu, yana darussan jami'a yana kuma cike giɓin darussan sakandare. Wurin kwana ma sai a ɗakin can saman rufin gidan wata ƙungiyar ɗalibai ya samu, inda yake hura musu murhun ɗumama gida, yana kai musu abinci tebur, domin ya sami abin biyan bukata. Amma da aka zo yaye ɗalibai a 1920, wannan yaro da ya shigo a bayan kowa shi ne ya zo na ɗaya a ajinsu duka.

Duk da haka ba a ba shi gurbin ci gaba da karatu ba kamar yadda aka ba abokansa farar fata da ya fi su maki. Sai ya tafi Jami'ar Fisk ta baƙar fata ya koyar da kemistiri shekara biyu. Daga nan ya sami tallafin karatu zuwa Harvard, ya yi digiri na biyu a 1923. A nan ma aka hana shi aikin koyarwar da ɗalibai irinsa ke dogara da shi su kai ga digiri na uku, don gudun kada ɗalibai farar fata su ƙi yarda baƙi ya koya musu. Ya koma koyarwa a wata kwaleji ta jihar West Virginia, daga bisani kuma a Jami'ar Howard da ke Washintan.

A 1929 ne ƙofa ta buɗe masa, ya sami tallafi daga gidauniyar Rockefeller ya tafi Jami'ar Biyana a ƙasar Ostiriya. Can ya yi karatu a ƙarƙashin Farfesa Ernst Späth, gwanin binciken sinadaran da ke cikin tsirrai. Ya iya Jamusanci sosai, ya kuma yi abota da wani ɗalibi mai suna Josef Pikl. A 1931 ya sami digirinsa na dokta ya koma Howard.

Komowar ba ta yi daɗi ba. Ya faɗa cikin rikicin malaman jami'a, abokan hamayya suka kai wa wata jarida wasiƙun da ya riƙa rubuto wa abokansa daga Biyana, waɗanda a cikinsu ya saki baki a kan wasu abokan aikinsa, aka buga su kowa ya karanta. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. A 1932 ya ajiye aiki, ya zama ga digiri a hannu amma ba wurin zuwa. Tsohon malaminsa na DePauw, Farfesa William Blanchard, shi ne ya tsamo shi, ya kira shi ya ba shi gurbin mai bincike. Wannan halacci na malami ga ɗalibinsa shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya.

Waken Kalaba

Waken Kalaba ƙwayar wani tsiro ne mai yaɗo da ke fitowa a bakin rafuka a yankin Kalaba da kewaye. Mutanen Efik suna kiransa esere. Guba ce mai kisa, kuma a da can da ita ake shari'ar wanda aka zarga da maita, kamar dai labarin shan gwaska da muke ji a wajen tsofaffi. Akan daka waken a dama a ba mutum ya sha, in ya yi amai an wanke shi, in ya mutu a ce laifinsa ne ya ci shi. 'Yan mishan na Sikotland suka aika da waken gida, likitocin Edinbara suka lura cewa yana tsuke ƙwayar ido, sannan a 1864 wasu Jamusawa biyu suka ware sinadarin da ke wannan aiki, aka sa masa suna fisostigmin. Daga baya aka gano yana rage matsin ruwan da ke taruwa a cikin ido, wato ciwon da muke kira hawan jinin ido, mai makantar da mutum a hankali. Shekaru da yawa ana amfani da shi kafin sababbin magunguna su maye gurbinsa.

Har zuwa shekarun 1930 babu wanda ya iya harhaɗa fisostigmin a ɗakin gwaje-gwaje tun daga tushe. Julian ya gayyato abokinsa Pikl daga Biyana suka sa hannu. Matsalar ita ce wani babban masani na Jami'ar Oksfod a Ingila, Robert Robinson, wanda daga baya har kyautar Nobel ya ci, shi ma yana kan wannan aiki, kuma ya riga ya buga cewa ya haɗa sinadarin da ke dab da matakin ƙarshe. Da su Julian suka haɗa nasu, sai suka ga zafin narkewarsa ya saɓa da na Robinson. Ke nan ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure. Julian, wanda ba shi da kujerar farfesa kuma bai daɗe da fita daga abin kunya ba, ya buga a mujallar masana cewa na Robinson ne ba daidai ba. Da a ce shi ne ya kuskure, da shi ke nan, ba wanda zai sake sauraronsa. Sai suka samo wannan sinadari daga ainihin waken Kalaba, suka gwada shi da nasu, zafin narkewar ya zo daidai. A 1935 suka kammala haɗa fisostigmin, su ne na farko a duniya.

A cikin wannan aiki ne ya lura da wasu 'yan ƙwayoyi farare masu ƙyalli da suka fito a cikin man waken Kalaba da ya ajiye. Ya bincika ya gane sitigmastarol ne. Ya riƙe kamanninsu a ransa, kuma za mu ga ranar da wannan ya yi masa.

Mene ne sitigmastarol?

Kowa a cikinmu ya san kolestarol, musamman waɗanda likita ya fara yi wa kashedi a kan kitse. Shi kolestarol ɗan gidan wasu sinadarai ne da ake kira sitarol. Na jikin mutum da dabba shi ne kolestarol, tsirrai kuma suna da nasu iri-iri, waɗanda suka fi yawa su ne sitostarol da kamfestarol da sitigmastarol. Aikinsu kusan ɗaya ne: suna zama a cikin 'yar fatar da ta lulluɓe kowace ƙwayar halitta, suna daidaita ta kada ta yi tauri da yawa, kada kuma ta yi ruwa-ruwa. Ana samun na tsirrai a cikin man gyaɗa da man masara da man riɗi da sauran mayukan da ake matsowa daga ƙwaya. Sitigmastarol kuwa ya fi samuwa a waken suya da waken Kalaba da man koko. A waken Kalaba aka fara gano shi, a 1906, a hannun Bajamushe Adolf Windaus da abokin aikinsa, kuma daga sunan da masana suka ba tsiron aka yanko sunansa. Fari ne, ba ya narkewa a ruwa, yana narkewa da zafin da ya kai wajen digiri 170.

Ginin kowane sitarol zobba huɗu ne na kabon manne da juna, uku masu kusurwa shida, ɗaya mai kusurwa biyar, sannan ga wata jela da ta fito daga jikin mai kusurwa biyar ɗin. Sitigmastarol yana da ƙwayar kabon 29 da haidurojin 48 da oksijin 1. Kolestarol yana da kabon 27 da haidurojin 46 da oksijin 1. Abin mamaki shi ne, waɗannan zobba huɗu su ne kuma ginshiƙin wasu sinadaran homon da jikinmu ke yi: furojestaron mai riƙe ciki ga mace, da testostaron na namiji, da kotizon mai kwantar da kumburi. Furojestaron yana da kabon 21 ne kawai. Wato in mutum ya iya datse jelar sitigmastarol ya rage kabon takwas, ya yi 'yan gyare-gyare a zobe na farko, to ya mai da abin da ke cikin wake ya zama homon na jikin ɗan Adam.

Dalilin da ya sa sitigmastarol ya fi 'yan uwansa daraja a nan shi ne, a tsakiyar jelarsa, tsakanin kabon na 22 da na 23, akwai ɗauri biyu maimakon ɗaya. Wannan wuri kamar gaɓar rake yake, nan ne ake samun damar karyawa, kuma iskar ozon tana yanka shi daidai wurin. Sitostarol, wanda ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, ba shi da wannan gaɓa, shi ya sa masana na lokacin suka rasa yadda za su yi da shi. Tun a 1934 Jamusawa biyu, Adolf Butenandt da Erhard Fernholz, suka nuna ana iya mai da sitigmastarol ya zama furojestaron. Sauran aiki shi ne inda za a samo shi da yawa kuma da araha, domin a cikin man waken suya duka sitarol ɗin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma a cikin wannan ɗan abin ma sitigmastarol wajen kashi ɗaya cikin biyar ne. Samun homon daga dabba kuwa ya fi wuya, don sai da aka tattara ƙwan mahaifar aladu dubu 50 kafin a sami miligiram 20 na furojestaron.

Tankin da ruwa ya shiga

Duk da sunan da ya yi a 1935, hukumar DePauw ta ƙi ba shi kujerar koyarwa saboda launin fatarsa. Kamfanin DuPont ya ɗauki Pikl ya bar shi. Wata cibiyar binciken takarda a garin Appleton ta so ɗaukarsa, sai aka tarar garin ba ya yarda baƙar fata ya kwana a cikinsa. A ƙarshen wannan shekara ya auri Anna Johnson, wadda ita ma daga baya ta sami digirin dokta a fannin nazarin zaman jama'a. A 1936 wani mataimakin shugaban kamfanin fenti na Glidden, W. J. O'Brien, ya ɗauke shi ya naɗa shi darektan bincike na sashen waken suya a birnin Shikago. Ba a saba ganin baƙar fata a irin wannan muƙami yana shugabantar masana farar fata ba a Amurka ta lokacin.

Aikinsa na farko shi ne ware furotin ɗin waken suya da yawa domin shafen takarda da haɗa fenti. Da wannan furotin aka yi wata kumfa ta kashe gobarar mai da fetur, wadda sojan ruwan Amurka suka yi amfani da ita a jiragensu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ran nan a 1939 aka kira shi cikin tashin hankali, wai ruwa ya yoyo cikin wani tanki mai ɗaukar galan dubu 100 na tataccen man waken suya, wani farin abu ya taru a gindin tankin, ana ganin man ya lalace. Ga ma'aikata wannan asara ce, kuma mai yiwuwa wani ya rasa aikinsa a kanta. Da Julian ya duba farin abin sai ya gane shi, irin ƙwayoyin nan ne da ya gani a man waken Kalaba shekaru huɗu da suka wuce. Ashe ruwan da ya shiga ya tattaro sitarol ɗin da ke warwatse a cikin man ya kwantar da shi wuri ɗaya. Daga nan ya tsara hanyar fitar da shi a masana'anta, har suka kai ga samun nauyin fam 100 a kullum, wato wajen kilo 45, ya kuma daidaita hanyar yanka jelar da iskar ozon a manyan tukwane. A 1940 aka aika wa kamfanin magunguna na Upjohn da fam ɗaya na furojestaron, bai kai rabin kilo ba, a cikin mota mai sulke, domin kuɗinsa ya haura dala dubu 60. Bayan haka yawan da ake samu ya ƙaru, farashi ya riƙa sauka, likitoci suka sami abin ba matan da ke fama da ɓari da rikicin al'ada. Ya kuma haɗa testostaron ta wannan hanya.

A 1949 likitocin asibitin Mayo suka ba da sanarwar cewa kotizon yana tayar da masu amosanin gaɓoɓi da ciwo ya kwantar. Sai dai daga ruwan matsarmamar shanu ake haɗa shi, ta matakai fiye da talatin, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. A cikin wannan shekara Julian ya fito da hanya mai sauƙi ta haɗa wani sinadari da masana suka laƙaba wa harafin S, wanda ƙwayar oksijin ɗaya tak ta raba shi da haidurokotizon. A farkon shekarun 1950 wasu kamfanoni suka gano cewa akwai funfunar da ke iya dasa wannan oksijin a gurbinsa, aka haɗa aikin funfuna da irin sinadaran da Julian ke samarwa, maganin ya wadata. Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba, domin akwai irin su Russell Marker da ya fitar da furojestaron daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko, amma hannunsa yana cikin waɗanda suka fi tasiri. Shi ma sitostarol da aka daɗe ana jibgewa ba amfani, a shekarun 1970 aka sami ƙwayoyin bakteriya masu cinye jelarsa, ya shiga sahun kayan haɗa magani.

Gida da kasuwanci

Ɗaukaka ba ta raba shi da ƙiyayya ba. A 1947 ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta Amurka ta ba shi lambar Spingarn, a 1950 kuma wata jarida ta zaɓe shi gwarzon shekara na Shikago. A cikin wannan shekara ta 1950 ya sayi gida a Oak Park, unguwar farar fata a gefen birnin. Tun kafin su tare wasu suka yi yunƙurin ƙone gidan, sannan a watan Yuni na 1951 aka jefa masa nakiya. Ya ƙi tashi. Akwai dararen da ya kwana a waje da bindiga yana gadin iyalinsa. Wasu maƙwabta masu mutunci suka kafa ƙungiya suka tsaya masa, kuma a wannan gida ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A ƙarshen 1953 ya bar Glidden ya kafa kamfaninsa, Julian Laboratories, ya buɗe reshe a Meziko domin sarrafa doyar dajin nan, ya kuma ɗauki masana baƙar fata da yawa waɗanda wasu wurare suka ƙi. A 1961 ya sayar da kamfanin a kan dala miliyan 2.3. Ya ba da dukiyarsa da lokacinsa wajen yaƙin neman 'yancin baƙar fata. Ya mallaki takardun shaidar ƙirƙira fiye da 130, kuma a 1973 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Ƙasar Amurka, shi ne masanin kemistiri baƙar fata na farko da ya shiga.

Rasuwarsa

Percy Julian ya rasu ran 19 ga watan Afrilu, 1975, a garin Waukegan na jihar Illinois, sanadiyyar ciwon dajin hanta, yana da shekara 76. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyu. A 1980 Jami'ar DePauw, wadda ta hana shi kujerar koyarwa, ta sa wa ginin kimiyyarta sunansa. A 1993 gidan wayar Amurka, inda mahaifinsa ya yi aiki, ya buga kan sarki mai hotonsa.

'Yan uwa, waken Kalaba a ƙasarmu yake fitowa tun kaka da kakanni, amma a Jamus aka ware sinadarinsa, a Indiana aka harhaɗa shi. Waken suya ma ga shi nan ana nomawa a Binuwai da Kaduna da sauran wurare, muna matse mai mu ba kaji dusa, maganin da ake fitarwa daga irinsa kuwa sai mu saya daga waje da tsada. Ma'aikata da yawa sun ga farin abin nan a gindin tanki, amma mutum ɗaya ne ya gane shi, saboda ya taɓa riƙe irinsa a ɗakin gwaje-gwaje ya auna shi da hannunsa. Yaron da bai taɓa kunna wutar gwaji ba, bai taɓa karanta ma'aunin zafi ba, ko ya haddace littafi duka ba zai gane ba.

Saboda haka nake ba da shawara, idan mun haɗu a taronmu na shekara, mu ware wani kaso na gudummawar da muke tarawa domin ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, a sayi kwalaben gwaji da ma'aunan zafi da iskar gas da sinadarai, a kuma nemi shawarar malaman kimiyya a kan abin da ya fi gaggawa. Ga malamanmu kuwa, abin da Farfesa Blanchard ya yi wa ɗalibinsa a ranar da kowa ya juya masa baya, da yawa daga cikinmu mun ga irinsa a hannunku.